Su Ma Na'urori Suna Da Haƙƙin Maƙwabtaka

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wata matsala wadda da wuya a sami mai akwatin rediyo a ƙasar nan da bai taɓa cin karo da ita ba, ko da yake kaɗan ne suka san asalinta. Sau da yawa mutum zai kama tasha a gajeren zango, murya tana fita tangaran, sai wani a gidan ya soka cajar wayarsa a bango, ko kuwa ya kunna ƙwan fitila irin na yayi, nan take muryar mai karanta labarai ta nutse cikin shuu da ƙugi. Wani ya ɗora wa batir laifi, wani ya ce hazo ne, wani kuma ya ɗauki rediyon ya kai wa mai gyara a karɓe masa kuɗi a banza. Alhali kuwa galibi rediyon lafiyarsa lau. Mai laifin shi ne ɗan abin nan da aka soka a bango, kuma da laifin nasa ya baro masana'anta, domin wanda ya ƙera shi bai ba shi tarbiyyar zama da maƙwabta ba.

Akwai wani babban reshe na aikin injiniya wanda ba shi da wata sana'a sai wannan tarbiyya. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, EMC, mu kuwa za mu iya kiransa ilmin zaman lafiyar na'urori. Sharuɗɗansa biyu ne. Na farko, kada na'ura ta fitar da hayaniyar lantarki fiye da ƙima har ta hana wata na'ura aikinta. Na biyu, kada ita kanta ta zama mai raki, wadda da ta ji ɗan motsi a maƙwabta sai ta rikice. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya ya riga ya fahimci rabin wannan ilmi.

ASALIN HAYANIYAR

Cikin 1865 wani masani ɗan Sikotilan mai suna James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa lantarki da maganaɗisu tagwaye ne, kuma idan suka motsa tare sukan haifar da igiyoyi masu ratsa sarari da gudun haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, cikin 1887, wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya tabbatar da haka a ɗakin gwajinsa: ya sa tartsatsin wuta ya yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu, sai ga wani ɗan tartsatsi ya bayyana a jikin zoben waya da ke can gefe, ba tare da wata waya ta haɗa su ba. Da sunansa ne ake auna yawan bugun igiya. Bugu ɗaya a daƙiƙa shi ne haz ɗaya, bugu dubu kilohaz, bugu miliyan kuwa megahaz.

Darasin da ke cikin wannan gwaji shi ne tushen maganarmu duka. Duk wayar da wutar cikinta ke hawa da sauka, to, ƙaramin gidan rediyo ce, ko mai ita ya nufa ko bai nufa ba. Haka kuma duk wani tsinken ƙarfe eriya ne, yana kama abin da ke yawo a iska. Dattawan da suka yi zamani da talabijin mai baƙi da fari za su tuna yadda fararen ɗigo-ɗigo ke cika fuskar akwatin idan babur ya wuce ta ƙofar gida. Tartsatsin fulogin babur ɗin ne yake maimaita gwajin Hertz a kan titi. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a matsakaicin zango da damina kuwa walƙiya ce, ko da tana can nesa ba a ganinta.

Injiniyoyi sukan ce kowace irin wannan rigima tana da ƙafa uku: mai ta da hayaniya, da hanyar da hayaniyar ta bi, da wanda aka dama. Hanyar iri biyu ce, ko dai ta cikin waya, ko kuwa ta iska. Idan aka karya ƙafa ɗaya daga cikin ukun, rigima ta mutu.

ABIN DA KE CIKIN CAJA

Masu shekaru za su tuna irin adaftar da, mai nauyi kamar dutsen guga. A cikinta akwai taransifoma ta ƙarfe wadda ke aiki da bugun wutar gida kai tsaye, watau bugu 50 a daƙiƙa, kuma irin wannan bugu na sannu bai kai inda tashoshin rediyo suke ba. Cajar zamani kuwa ba ta da nauyi, domin dabararta dabam ce. Tana da wani ɗan makunni na lantarki wanda ke datse wuta ya sake ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, wani lokaci har fiye da sau 100,000. Wannan sauri ne ya sa 'yar taransifoma kamar ƙwallon goro take yin aikin babba, ga sauƙin kuɗi, ga rashin ɓarnar wuta. Irin wannan dabara ce a cikin ƙwan fitilar LED, da inbata, da na'urar cajin batirin sola, da kwamfuta, da talabijin na bango.

To, amma kowane alheri da ɗawainiyarsa. Wutar da aka datse farat ɗaya ba ta tsayawa a kan bugunta na asali. Takan haifi 'ya'ya da jikoki, watau ninki biyu na bugun, da ninki uku, da huɗu, har zuwa ɗaruruwa, kowanne yana da ɗan ƙarfinsa. Alal misali, cajar da ke bugu kilohaz 100, ninkinta na 61 zai faɗa a kan kilohaz 6,100, gab da 6,090 inda Rediyon Kaduna ya yi suna a kan mita 49. Da yake kuma bugun caja yana 'yan kai da kawowa bisa ga nauyin aikin da aka ɗora mata, sai hayaniyar ta bazu ta shafe zangon baki ɗaya.

Ita wannan mita da masu gabatar da shiri suke ambata, tsawon igiyar ce. Idan aka raba 300 da yawan megahaz sai a sami tsawon, don haka megahaz 6 ya ba da mita 50. Waya kuwa takan zama eriya mai kyau idan tsawonta ya kai wajen rubu'in tsawon igiya. Rubu'in mita 49 bai wuce mita 12 da ɗan kai ba, kusan tsawon wayar wutar da ta taso daga zaure zuwa uwar ɗaka. Ke nan cajar da ba ta da matata takan tura hayaniyarta cikin wayoyin bango, su kuma su watsa ta kamar yadda hasumiyar gidan rediyo ke yi, har ta tsallaka katanga.

A ɗaya gefen, a dubi abin da rediyo yake ƙoƙarin kamawa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri cikin 1957, ya shekara da shekaru yana iso mana ta wata tashar ƙara ƙarfi da ke tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika. Kafin igiyar ta ƙetaro teku ta taɓa eriyar mai sauraro a Gusau ko Agege, abin da ya rage na ƙarfinta ɗan mitsitsi ne, ana auna shi da kashi-kashi cikin miliyan na bolt ɗaya. Tamkar mutum ne yake kasa kunne ga mai kira daga ƙetaren kogi, ga maƙeri kuma yana dukan ƙarfe a gindin kunnensa. Tashoshin FM, masu zama tsakanin megahaz 88 da 108, sun fi tsira, domin sun yi wa yawancin jikokin nan nisa, kuma yadda suke ɗauke da murya bai cika damuwa da irin wannan ƙara ba. Saboda haka wanda ya fi cutuwa shi ne mutumin karkara da matafiyi, waɗanda gajeren zango da matsakaici ne abin dogaronsu. Matsalar har ta kai ga manyan kamfanonin mota: BMW da Tesla sun fitar da motoci masu aiki da batir babu matsakaicin zango a rediyonsu saboda hayaniyar injin lantarki, kamfanin Ford kuwa sai cikin 2023 ya janye irin wannan niyya bayan an yi masa ca a Amurka.

KUKAN LASIFIKA A MASALLACI

Wannan ɓangaren mai hayaniya ke nan. Misalin mai raki kuwa kowa ya san shi. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya cikin 2001 muka saba da wani kuka, dit-dirit-dit-dirit, da lasifikar masallaci ko ta wurin taro take yi 'yan daƙiƙoƙi kafin wayar wani ta yi ƙara. Dalili shi ne a tsarin GSM waya takwas ne suke karɓa-karɓa a kan hanya ɗaya, kowace ta yi magana a ɗan lokacinta ta yi shiru, sau 217 a daƙiƙa, da ƙarfin da zai iya kai wat 2. Wayar makirufo ta kama wannan igiya, ta kai ta cikin amfilifaya, taransistocin ciki su warware ta kamar yadda rediyo ke yi, sai bugun nan 217 ya fito a matsayin ƙara, domin yana cikin abin da kunnen ɗan Adam ke ji.

A nan wayar hannu ba ta yi laifi ba, aikinta ne ta watsa igiya, kuma a kan zangon da hukuma ta ba ta take. Amfilifayar ce ta bar ƙofarta a buɗe. 'Yar kwandansa guda, wadda masu gyara na yanzu suka fi kira kafasita, in an dasa ta daidai bakin ramin makirufo, tare da waya mai rigar ƙarfe, sun isa su rage kukan ƙwarai.

IN ABIN YA WUCE ƁACIN RAI

Kada mai karatu ya ɗauka iyakar ɓarnar ita ce rasa labaran safe. Ran 4 ga watan Mayu, 1982, lokacin yaƙin tsibiran Falkland, wani jirgin saman Ajantina ya harba wa jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Sheffield makami mai linzami samfurin Exocet. Jirgin yana da na'urar da aikinta shi ne ta ji radar abokan gaba ta yi gargaɗi. Amma a daidai wannan lokaci ana aika saƙo daga jirgin ta tauraron ɗan Adam, kuma ƙarfin wannan saƙo ya toshe wa na'urar gargaɗin kunne. Binciken da aka yi ya lissafa wannan cikin dalilan da suka haɗu suka jawo asarar. Mutum 20 suka rasu, jirgin kuma ya nutse bayan kwana shida. Kowace daga cikin na'urorin biyu tana aiki daidai idan ita kaɗai ce. Zamansu wuri ɗaya ne ba a tsara shi yadda ya kamata ba.

Cikin watan Janairu na 2022 an sake ganin irin wannan a Amurka, sa'ad da kamfanonin waya suka tashi buɗe tsarin 5G a zangon da aka sayar musu, tsakanin megahaz 3,700 da 3,980. Na'urar da ke gaya wa matuƙin jirgin sama tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa lokacin sauka tana aiki ne tsakanin 4,200 da 4,400. Ko da yake akwai fili a tsakani, an ƙera wasu tsofaffin na'urorin ne a zamanin da babu wani mai ƙarfin murya kusa da su, don haka kunnensu a buɗe yake har zuwa gonar maƙwabci. Wasu kamfanoni, ciki har da Emirates da Air India, sun soke wasu tafiye-tafiyensu zuwa Amurka na ɗan lokaci, aka rage ƙarfin hasumiyoyin da ke kusa da filayen jirage, daga baya kuma aka wajabta sanya matata a na'urorin ko a sauya su.

Akwai kuma labarin wani ƙauye a Wales mai suna Aberhosan, inda intanet ɗin gari duka yake rikicewa kowace safiya da ƙarfe 7, har tsawon wata 18. Injiniyoyin kamfanin Openreach sun sauya wayoyi, abin bai daina ba. Sai cikin 2020, da suka zaga ƙauyen da asuba ɗauke da na'urar auna igiyoyi, suka gano wani tsohon talabijin ne da wani magidanci yake kunnawa a daidai wannan lokaci. Shi bawan Allah bai ma san yana yi ba. Irin wannan dalili ne ya sa likitoci suke shawartar wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya da ya bar tazarar santimita 15 tsakaninta da wayar hannu, kada ya riƙa sanya wayar a aljihun ƙirji.

YADDA AKE TARBIYYAR NA'URA

Injiniyan kirki yakan fara ne daga tushe, tun na'urar tana zane a takarda. Wutar lantarki ba ta tafiya sai da dawowa, watau kullum zagaye take yi, kuma gwargwadon faɗin filin da zagayen ya kewaye, gwargwadon hayaniyar da zai watsa da wadda zai kama. Saboda haka a kan allon da ake jera kayan na'ura, wanda masu gyara suke kira fanel, akan shimfiɗa faifan jan ƙarfe guda a ƙarƙashin hanyoyin wuta, domin kowace wuta ta sami hanyar komawa dab da hanyar da ta bi ta fita. Idan aka tsaga wannan faifai, wuta za ta yi dogon kewaye, kewayen kuma ya zama eriya. Har wa yau akan dasa 'yar kafasita a gindin kowane ɗan guntun ƙwaƙwalwar na'ura, ta zama kamar randa a bakin murhu, domin kada a riƙa zuwa rijiya da gudu duk sa'ad da aka bukaci ruwa. Akan kuma ɗan sassauta kaifin datse wutar, domin gwargwadon kaifinsa, gwargwadon yawan jikokin nan da muka ambata.

Mataki na biyu shi ne tsaron ƙofa. Duk inda waya ta shiga ko ta fita daga na'ura, nan ne hayaniya take samun mafita, don haka nan ake kafa matata. Matatar bakin wuta ba ta wuce kafasita biyu ko uku ba, tare da naɗin waya a kan zobe, waɗanda suke barin bugu 50 na wutar gida ya wuce, su tare masu sauri su mai da su inda suka fito. Ƙullutun nan da ake gani kusa da ƙarshen wayar kwamfuta shi ma matata ne. A cikinsa akwai zoben farait, irin baƙar sandar nan da ke cikin akwatin rediyo, wanda yake shanye igiyoyi masu sauri ya mai da su ɗan ɗumi. Murɗa wayoyi biyu kamar igiyar guga kuwa tsohuwar dabara ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881, domin abin da murɗi ɗaya ya kama, na gaba da shi yakan soke shi. Har yau a kanta wayoyin haɗa kwamfutoci suke.

Mataki na uku shi ne sulke. Cikin 1836 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga lantarkin waje. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin lura a nan shi ne tsawon tsaga ya fi faɗinta muhimmanci. Doguwar tsaga siririya, irin wadda murfin da ba a ɗaure sukurorinsa duka ba yake bari, ta fi ƙananan huji ɗari zubar da igiya. Ƙofar tukunyar maikurowef shaida ce: igiyar da ke dafa abincin tsawonta wajen santimita 12 ne, hujin ragar ƙofar kuwa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, don haka haske yana fita har a ga abinci, igiyar kuwa tana tsare.

Daga nan sai jarrabawa. Akan shigar da na'urar wani ɗaki na ƙarfe wanda aka jera wa bangonsa tsinkayen soso masu shanye igiya, a kafa eriya a tazarar mita 3 ko 10, a juya na'urar ta kowace fuska ana aunawa. Abin da take turawa ta waya akan auna shi daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, daga nan zuwa sama kuma a auna abin da take watsawa ta iska. Sa'an nan a juya a gwada haƙurinta: a feshe ta da igiyoyi, a kuma harbe ta da tartsatsin da ya kai bolt 8,000, irin wanda ke tsirga wa mutum a yatsa da hunturu idan ya taɓa ƙofar mota. Na'urar da ta faɗi a wannan mataki sai an koma an sake zanen allonta, ga asarar kuɗi ga ta lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DALILIN DA YA SA SAI DA DOKA

Mai sayen caja ba ya ganin matata, kuma cajar da aka cire wa matata tana cika waya daidai da mai ita. Wanda zai sha wahalar maƙwabci ne, wanda ba ya nan sa'ad da ake ciniki. Saboda haka kasuwa ita kaɗai ba ta iya gyara wannan lamari, dole hukuma ta sa hannu. Tun cikin 1934 aka yi zaman farko a Faris na wani kwamiti na ƙasa da ƙasa mai suna CISPR, domin tsara yadda za a auna hayaniyar da ke damun rediyo da kuma iyakar da ba za a wuce ba. Cikin 1979 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta kafa wa kwamfutoci iyaka, ta kuma fi tsananta wa na gida bisa na ofis, domin a gida ne rediyo da talabijin suke kusa. Kwamfutar nan TRS-80 ta farko, wadda hayaniyarta ta kai har masu wasanni suna ajiye rediyo kusa da ita domin ya ba su sauti, an daina ƙera ta a farkon 1981, kuma wannan doka tana cikin dalilai. Ƙasashen Turai sun yi tasu dokar cikin 1989, ta zama tilas daga 1996, tana kuma cikin sharuɗɗan buga tambarin CE a jikin kayan lantarki.

A nan gida muna da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, wadda asalinta ya faro daga dokar 1971, ta kuma ɓullo da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su cikin 2005. Muna da Hukumar Sadarwa, NCC, wadda aka kafa cikin 1992, mai amincewa da samfurin kayan sadarwa kafin a sayar. Sai dai buga tambari a jikin roba ba shi da wuya, kuma duk mai gyaran da ya saba buɗe caja da ƙwan fitila masu arha ya sha ganin guraben da aka zana wa matata a kan allo an bar su wayam, an haɗe wurin da ɗan guntun waya. Wanda ya yi rowar matata kuwa sau da yawa ya yi rowar tazarar da ke raba wutar bango da hannun mai riƙe da waya, a nan kuma magana ta koma ta rai.

Don haka muna kira ga hukumomin nan da kada su tsaya ga takardar da mai shigo da kaya ya nuna a tashar jirgin ruwa. Ya kamata a riƙa sayo samfuri daga manyan kasuwannin kayan lantarki, a auna, a buga sakamakon a jaridu da harsunan da jama'a suke ji. Kwalejojin fasaha su ma su ba wannan darasi muhimmanci, domin yaranmu sun fara harhaɗa inbata da fitilun sola da hannunsu, kuma gara su koyi tarbiyyar tun yanzu. Masu gyara kuwa, Allah ya yi wa sana'a albarka, a daure a riƙa mai da murfin ƙarfe da sukurorinsa duka, kada kuma a cire kafasitar bakin wuta a ce ba ta da amfani don an ga na'ura ta tashi ba tare da ita ba.

ABIN DA MAI GIDA ZAI IYA YI

Gano mai laifi ba ya bukatar na'ura mai tsada. A sami ƙaramin rediyo mai batir, a kai shi matsakaicin zango, a tsayar da allura inda babu tasha. Sa'an nan a kashe wutar gidan daga babban makunni, a kashe inbata in akwai. Idan ƙugin ya ɗauke, ɓarawon a cikin gida yake, sai a mai da wuta a riƙa zare kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama shi. Idan bai ɗauke ba, daga waje yake, sai a zaga da rediyon a hannu, inda ƙara ta fi tsanani nan ne gidansa. In ya zama na maƙwabci ne, a je masa da lalama, domin kamar mutumin Aberhosan, da wuya in ya san abin da kayansa suke yi.

A wajen saye, a gwada ƙwan fitila ko caja kusa da rediyo tun a shago, a kuma tuna araha ba ta ado. A zare caja daga bango in ba a amfani da ita. Masu sola su gajarta wayoyin batir, su haɗa mai kai wuta da mai dawo da ita su bi hanya ɗaya a manne, su kuma nisanta rediyo da inbata. Masu babur da janareto su nemi fulogi ko hular fulogi mai rage tartsatsin rediyo. Amma kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe caja ko inbata, domin kafasitar ciki takan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga bango.

Sararin da igiyoyin rediyo suke bi dukiya ce ta kowa, kamar rijiyar unguwa, kuma kullum masu ɗiba ƙaruwa suke yi. Allah ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.